Rachidou, Gwaggo da Saniyar da Ta Ƙi Tashi

Rachidou bawana ne, kuma kada wani lauyan Faransa ya ji haka ya tashi kai ni ƙara. Ɗan gwaggona ne, ni 'yar kawunsa, to duk wanda ya sha ruwan Tasawa ya san wa ke share ƙofar wa. Abin da zan faɗa a kansa gaskiya ce tsantsa, in ban da ɗan gishirin da na barbaɗa, shi ma don kada miyar ta yi lami ne.

Da yunwa aka haife shi. Ungozoma ta rantse bai yi kuka ba sai da ya ji ƙanshin kunun kanwar da aka dama wa uwarsa. An sa shi lakwal, bai daɗe ba. Ni ma ban yi nisa ba, amma ni malamin ne ya gaji da bakina, shi kuwa bencin ne ya gaji da nauyinsa. Daga nan ya zama karen mota a hanyar Maraɗi zuwa Damagaram, kuma a can ya yi karatun da ya fi na lakwal. Bai san kilomita ba. In ka tambaye shi nisan gari, sai ya ce maka tsire biyu da fura ɗaya ne tsakani. Ya san mai kilishin da ke ha'inci a Gazawa, ya san tsohuwar da ƙosanta ya fi na kowa a Takyeta, har jikokinta ya san sunayensu.

Allah ya kawo shi Faransa, ya faɗa sito-siton Aubervilliers, inda ake sauke takalma da jakunkuna kwali-kwali. Ya yi dako har wuyansa ya shige kafaɗa, sa'annan aka ba shi kamyo yana kai kaya butik-butik. Ya yi aure, ya haifi Inès, ya kama gida a Stains, can saman bene inda tantabara ma sai ta huta a hanya kafin ta kai. Ya kuma sayi wata tsohuwar mota mai kujera bakwai, na raɗa mata suna Sannu Ba Ta Hana Zuwa.

Duk dakon nan da ya yi, buri ɗaya ne a ransa: idon uwarsa. Gwaggo Ameena, yanar ido ce ta rufe mata duka biyun, har ta kai ba ta gane tumakinta sai da kuka. Ya yi ta faman takardu har ya kawo ta. Likita ya kankare idon dama, ya ce na hagu sai wata mai zuwa, kuma in an bar shi haka zai mutu gaba ɗaya.

Ranar da aka cire mata bandeji, ta je bakin taga da sabon idonta, ta duba gabas siminti, ta duba yamma siminti. A ƙasa ga wata mata tana jan kare mai riga.

Ta ce, “Raliatou, wanga abu aka buɗe mini ido in gani?”

Na ce, “Gwaggo, ai Faransa ke nan.”

“To ɗaya ya isa. A bar mini gudan a rufe, shi huta.”

Wasa-wasa ta ɗaure kayanta a zane ta zauna a kai. Ta ce damina ta kusa, saniyarta na da ciki, a canza mata biye, wato tikitin jirgi. Garin da ba gona, ba dabba, madara a kwali kuma ba wanda ya taɓa ganin saniyar da ta yi ta, ba za ta ƙara wata guda a cikinsa ba.

Ga inda gizo ke saƙar. Rachidou ɗan fari ne. Tun ranar suna Gwaggo ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta yi masa magana kai tsaye. “Wancan” take ce masa, in ta ji daɗinsa ta ce “mai motar nan”. Shi ma ba ya iya ɗaga ido ya yi mata gardama. Suna zaune ɗaki ɗaya, amma sai an samu waya a tsakani, kuma wayar ni ce, tunda ni ma a nan Faransa nake zaune. Ya zo wurina kamar kazar da ruwa ya doka.

Ya ce, “Raliatou, don Allah ki ce mata ta yi haƙuri.”

Na ce, “Na faɗa. Ta ce haƙurin ya ƙare tun a asansar, akwatin nan mai hawa da mutum bene.”

Ya cinye mini rabin tukunyar shinkafa yana tunani, sai ya ce ya samu dabara. Ba za ta koma gida ba ta yi sallama da Aïcha ba, ƙanwarsa da ke aure a Vaulx-en-Velin, gefen Lyon. Wannan ko Gwaggo ba ta musa ba. Amma ba ta otorut za mu bi ba, inda ba ka ganin komai sai bayan motar wani. Tsohuwar hanya za mu bi, ta ƙauyuka, wadda tsofaffin direbobin kamyo suka ba shi labari. “In ta ga ƙasar da idonta, ta yiwu ta sauko.”

Na ce, “Kai dai ka ji an ce akwai gidajen abinci.”

Ya ce, “Wannan ma hujja ce.”

Asabar da safe muka ɗau hanya. Matarsa tana aiki, ba ta samu zuwa ba. Shi a gaba cikin farar shadda da ya ɗinka tun Salla, ni da Gwaggo a tsakiya, Inès can baya da waya a hannu, 'yar shekara goma sha huɗu da ba ta dariya sai an biya ta da shokola. Sauran motar kuwa kula ce ta dambu, buta, darduma, kwalbar yajin Gwaggo, da tsarabar da ta isa buɗe butik. Motar ta durƙusa kamar raƙumi.

Da muka rabu da gidajen sama, gonaki suka buɗe, kore shar har inda ido ya tsaya. Na ga Rachidou yana leƙen uwarsa ta madubi. Ita kuwa tana bayan baƙin tabarau da likita ya ba ta saboda rana, fuska kamar an aiko mata da sammaci.

Ya ce, “Ki ce mata alkama ce.”

Na ce, “Gwaggo, wai alkama ce.”

“Ciyawa dai. Ina mutanen?”

Gaskiyarta, ba kowa. Muka wuce wata gona rawaya fes, fure zalla. Ta ce mi ake da fure, ko tuwonsa suke yi? Gonar da ba mai noma a ciki, ba yaro mai kai fura, ta aljanu ce, a yi a'uziyya a wuce.

Wajen azahar, kusa da Avallon, hancin Rachidou ya juya sitiyari. Ni shaida ce, hannunsa bai taɓa ba. Wani gidan abinci ne na direbobi, fili cike da manyan kamyo. Muka yi salla a gefen mota, muka shiga. Ya tunkari matar da ke da wurin da gaisuwar Tasawa cikin Faransanci: ina kwana, ina gajiya, ina aiki, ina maigida, ina yara, yaya sanyin da ya wuce. Matar ta tsaya da faranti a hannu tana tunanin inda ta san shi. Inès ta ja hular rigarta ta rufe fuska.

Ta ce, “Papa, arrête. Ba ka san ta ba fa.”

Ya ce, “Ai shi ya sa nake tambaya.”

Aka zaunar da mu a dogon tebur tare da direbobi, kowa kafaɗa da kafaɗa, kwanon miya ɗaya ana miƙa wa juna. A nan na ga Gwaggo ta ɗan sauke tabarau. Tun zuwanta ba ta taɓa ganin nasara suna ci tare ba. Rachidou ya bi abincin ɗaya bayan ɗaya yana tambayar alade. Akwai a nama, akwai a wake, har ganyen salati an yayyafa masa. Abin da ya tsira kifi ne da ƙwai da firit, wato soyayyen dankali. Ya ce a kawo duka, kuma a gaya wa kajin su ƙara himma.

Gwaggo ta ɗanɗana ƙwan, ta zaro kwalbar yaji daga jaka. To ba ta iya ci mutum na kallo ba ta yi tayi ba. Ta tura kwalbar gaban maƙwabcinta, wani ƙato mai zane-zane a dantse, gemu kamar tsintsiya.

“Bismilla, ɗana.”

Inès ta gargaɗe shi ya ɗiba kaɗan. Ya yi dariya, ya cika cokali ya zuba a kan dankalinsa. Loma ɗaya, sai mutumin ya fara canza launi. Ya yi ja, ya yi shuɗi, ya koma wani launin da ba shi da suna a Hausa. Hawaye ya bi gemun, ya shanye tulun ruwan teburin, abokansa suna dukan tebur don dariya. Da ya samu numfashi sai ya miƙo farantin ya ce a ƙara.

Gwaggo ta ce, “Wanga ɗan halak ne.” Ta juye masa rabin kwalbar a takarda ya tafi da shi.

Rachidou ya fito yana tafiya kamar ango. Muna shiga mota ya ce in tambaye ta yaya ta gani. Ta ce mutanen kirki ne, Allah shi shirye su, kuma kada a manta da maganar biye.

A Saulieu ya sake gwada sa'a. Akwai wani ƙaton sa na ƙarfe a bakin hanya, masu yawon buɗe ido suna hoto da shi. Ya tsaya, ya ce ga dabba. Gwaggo ta zagaya shi sau ɗaya, ta ƙwanƙwasa da sandarta.

“Ba tozo. Wanda ya ƙera shi bai taɓa ganin sa ba, labari aka ba shi. Kin ga abin da nike hwaɗi, har shanun nasu na ƙarfe ne.”

Daga nan Rachidou ya koma mota ya kama sitiyari. Mutumin da ke tauna ko cikin barci, na miƙa masa dambu ya ce ya ƙoshi. A nan na san abin ya kai masa har ƙashi, har na ji kunyar tsokanarsa, na ɗan lokaci.

La'asar ta yi, rana ta karkato, muna cikin tuddai, sai Gwaggo ta dafe kujerar gaba.

“Ce ma wancan shi tsaya. Ɓarna.”

Ya taka burki, kular dambu ta zo gaishe mu. A gefen hanya ga shanu farare ƙal, manya kamar an hura su, suna ɗuruwa ta wata ƙofar shinge da ke buɗe, suna shiga gona kore mai kai gwiwa, kamar gero ɗan wata guda. Ba makiyayi, ba kare, ba kowa.

Wanda bai tashi a ƙauye ba ba zai gane ba. A wurinmu shanu a cikin shuka ba abin kallo ba ne. Daga nan ake zare takobi, a kwana gaban jandarma, gari biyu su daina gaisawa. Duk wanda ya gani ya wuce, da shi aka yi. Kafin in buɗe baki, tsohuwar da ke cewa gwiwa ta hana ta hawa matakala ta dire daga mota da sanda, ta bar tabarau a kujera.

“Ke, tare can. Wancan shi bi ta ƙasa. Inès, aje wayar ki riƙe ƙofa.”

Inès ta riƙe ƙofa, wayar dai ba ta ajiye ba, kuma Allah ya yi mata albarka da hakan.

Jama'a, na ga abin da ido bai saba gani ba. Rachidou, cikinsa cike da ƙwan kajin lardi guda, yana gudu cikin laka da farar shadda, yana ɗaga hannu yana yi wa shanun Faransa tsawa da Hausa. Shanun suka tsaya suna kallonsa, don tun kakanninsu ba a taɓa yi musu haka ba. Gwaggo kuwa ta kaɗa harshe irin na masu kiwo, ta ɗaga sanda, sai ga su sun juya sun bi layi sun fita kamar 'yan makaranta. Muka rufe ƙofa.

Saura ɗaya. Can ƙarshen gonar, wajen faɗuwar rana, wata fara ƙatuwa tana kwance, ko kunne ba ta kaɗa ba. Hasken ya doki sabon idon Gwaggo, ya kawo ruwa, ta runtse shi, ta tafi da tsohon. Ni da Rachidou muna bayanta, kuma tun daga nesa muka gane. Ba saniya ba ce. Dunƙulen ciyawa ne, irin wanda manoman nan ke naɗewa da farar leda.

Na buɗe baki, ya taka mini ƙafa.

Gwaggo ta kaɗa harshe. Shiru. Ta ce, “Tashi, 'yar nema.” Shiru. Ta ɗaga sanda ta sauke mata a gindi, abin ya ce bum kamar ganga.

Ɗan fari ba ya ce wa uwarsa ta yi kuskure, balle a gaban taubashiya mai baki irin nawa. Sai kawai na ga bawan Allah ya naɗe hannun riga, ya sa kafaɗar nan da ta ɗauki rabin takalman Paris, yana tura leda yana cewa, “Haba, tashi mana. Ba ki ji ana magana ba?” Ya tura, ya tura, wurin gangare ne, abin ya mirgina ya tafi a hankali ya faɗa rami. Ya share gumi ya ce, “Ki ce mata ta tashi.”

Ban iya isar da saƙon ba. Ina durƙushe cikin ciyawa, na cusa gyale a baki.

A haka mai gonar ya same mu, wani dattijo ja a kan tarakta. Ya dubi shanunsa a waje suna leƙen shinge, ya dubi ciyawarsa a rami, ya dubi baƙin mutum cikin shadda mai laka har ƙugu. Ya fara magana da sauri, irin Faransancin da ba a koyarwa a lakwal. Inès ta matso ta yi masa bayani: kakarta ta ga shanu suna cin shukar mutane, ta cece ta.

Dattijon ya sauko daga tarakta. Ya ce gonar tasa ce, shanun nasa ne, ciyawar kuma don su ya shuka. Yanzun nan ya buɗe musu ƙofa ya koma ɗauko ruwa.

Da aka juya wa Gwaggo, ta ce a sake faɗa.

“Ya yi huɗa, ya yi shuka, don shanu su shiga su ci da ƙahwahunsu?”

Inès ta ce, “Oui, Kaka.”

“Shi kuma mi zai ci?”

Aka tambaye shi. Ya ce shanun. Sai ya fashe da dariya, har ya riƙe tayar tarakta. Ya ce shekara da shekaru yana kiwo, shi da karensa ba su taɓa fitar da garken nan da sauri haka ba, ko madam tana neman aiki?

Ya ja mu gidansa shan kafe. Gwaggo ta mayar da tabarau, ta shiga garke kamar ta shiga gidan ƙanwarta. Ta shafa wuya, ta buɗe baki ta duba haƙori, ta taɓa ciki ta ce wannan ta kusa, ya ce haka ne. Ta sa Inès ta nuna masa hoton saniyarta ta Tasawa, ja mai tozo da ƙaho, dattijon ya cire hula don girmamawa. Matarsa ta kawo madara mai ɗumi daga saniyar da suke tatsa don gida. Gwaggo ta kurɓa, ta rufe ido. Babu wanda ya ta da maganar leda. Rachidou da dattijon suka je suka ciro ta da tarakta, a matsayin ba a san yadda ta faɗa ba.

Muka kama hanya. Har muka wuce Mâcon motar tsit, sai ƙarar laka tana bushewa a jikin shadda. Da gidajen Lyon suka fara bayyana, Gwaggo ta gyara zama.

“Raliatou.”

“Na'am, Gwaggo.”

“Tambayi mai motar nan, randebun likitan yaushe ne?”

Motar ta ɗan yi rawa a kan titi. Ya ce ranar aikin idon farkon wata ce.

Ta ce, “Tun ina budurwa nike kiwo. Daga bakin kasuwa nike gane saniya mai ciki. Yau na doki leda. In wanga labari ya kai Tasawa, sai dai in ƙaura.” Ta juyo da idon daman ta kafa mini. “Kuma in ya kai, na san bakin da ya kai shi.”

Na rantse da abin da ba zai kama ni ba.

“A buɗe gudan. Saniyata maƙwabta su karɓi haihuwarta. Kuma nasaran nan ya ce in komo in ga 'yan maruƙa, ba ni zuwa gidan mutane da rabin ido.” Ta juya wajen taga. “Ki ce mishi na ji ƙarar tun dukan hwarko. Shi ma ya san leda ce, ya tura. Allah shi yi mishi albarka.”

Ba a taɓa ba ni saƙo mai nauyin wannan ba, don haka na isar da shi yadda ya kamata. Na ce, “Rachidou, Gwaggo ta ce ka tsaya ka saya mini gasasshiyar kaza.”

Ya ce, “Na ji abin da ta ce.” Yana share ido da hannun riga. Wai yajin rana ne ya taso masa. Yajin da bai ko taɓa ba.

Aïcha ta tarbe mu a ƙasan bene a Vaulx-en-Velin, ta ga yayanta kamar an tono shi daga rijiya, ta tambayi ko haɗari muka yi. Gwaggo ta ce a'a, aiki muka taya wani bawan Allah a hanya.

An kankare idon hagu farkon wata, lafiya lau. Da aka cire bandeji, Rachidou yana tsaye a bakin ƙofa ya sunkuyar da kai. Gwaggo ta dube shi da ido biyu, karon farko cikin shekaru, tun daga hula har takalmi, ta daɗe tana kallo. Sa'annan ta kira ni.

“Ki ce ma wancan shi rage ci.”

Wannan saƙon kam na isar da shi daidai, ban rage ko wasali ba. Hoton bidiyon turin saniya da Inès ta ɗauka kuma yana wayata. Ban kai shi Tasawa ba, ni mai cika alkawari ce. Amma duk ranar da bawana ya yi jinkirin kawo mini cefane, nakan aika masa ɗan guntu, inda yake cewa “tashi mana”, don ya tuna wa ke share ƙofar wa.